Yadda na ceto ɗan mangwarona daga gara

Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, na dasa mangwaro mai aure a tsakar gidanmu nan Maradi. Damina ta riƙe shi lafiya lau. Hunturu na shigowa sai ganye ya fara yaushi, baki-bakinsa na ƙonewa. Na ɗauka ƙishi ne, na dinga kwarara masa bokiti biyu safe da yamma. Bai farfaɗo ba.

Wani dattijo mai lambu a bakin Gulbi ne ya zo ya tona gindin da hannu, ya ce: "Ɗana, ba ruwa yake nema ba, gara ce ke cin saiwarsa." Laifina ne kuwa. Kashin awaki da karan hatsi na tula masa jikin gindi, ko ruɓewa ba su yi ba, ashe abinci na aje wa gara.

Na kwashe su tas, na zuba tokar murhu kewaye da gindin, tazarar taki guda. Na daka ganyen dogon yaro, ya kwana cikin ruwa, na tace ina ba shi sau biyu a mako. Sannan na binne tulu maras fenti kusa da shi, bakinsa a waje da murfi. Ƙasarmu rairayi ce, ruwan bokiti wucewa kawai yake yi, na tulu kuwa tsattsafowa yake a hankali. Kwana uku-uku nake cika shi.

Mako na huɗu ya fito da sabon toho ja-ja. Jar akuyar maƙwabta ta riga ni gani, dole na kewaye shi da ƙaya.