Yadda Ake Gane Kifin Kask-il na Can Ƙasan Teku

Duk wanda ya saba da kifin kogi, idan aka nuna masa hoton wannan kifi da kyamarar masu bincike ta ɗauko daga ƙasan teku, zai iya rantsewa gaiwa ce, ko kuwa wata tarwaɗa ce da ta koɗe. Turawa suna kiransa kask-il, masana kuwa sun sanya shi cikin dangin Ophidiidae, sunan da aka samo daga kalmar maciji a harshen Girka, kuma dangi ne mai jinsuna fiye da 200. Gane shi ba ya da wuya muddin an san inda za a sa ido.

A fara da wutsiya. Fiffiken bayansa da na ƙarƙashin cikinsa dogaye ne, suna tafiya har ƙarshen jiki su haɗe da na wutsiya ba tare da wata tsaga ba, jikin kuma yana sirancewa har ya ƙare da tsini. Wannan ya raba shi da tarwaɗa, wadda wutsiyarta take daban, mai faɗi da zagayayyen baki. Sai dai wutsiya kaɗai ba ta isa hujja ba, domin kifayen nan masu siffar maciji na rukunin Anguilliformes su ma haka tasu take.

Abin da ke raba gardama yana ƙarƙashin maƙogwaro, kuma a ganina wanda bai duba nan ba bai fara aikin ba tukuna. A yawancin jinsunan kask-il, fiffiken da ya kamata a samu a ciki ya matso gaba har zuwa wuya ko haɓa, ya kuma ƙanƙance ya zama zare ɗaya ko biyu a kowane gefe. Kifayen Anguilliformes ba su da wannan fiffike ko kaɗan. Gaiwa tana da irin waɗannan zaruruwa, amma biyu a bayan kai suke, biyu kuma can baya kusa da dubura, alhali shi kask-il fiffikensa na bayan kai mai faɗi ne kamar na sauran kifaye. Idan bidiyo ake kallo, a jira lokacin da kifin ya juya gefe a tsayar da hoton, domin zaren siriri ne ƙwarai kuma yana ɓacewa cikin inuwa.

Daga nan sai a duba kai. Hasken rana ba ya wuce zurfin mita 1,000, saboda haka jinsunan da ke can ƙasa idanunsu ƙanana ne, jikinsu kuma tubus yake, fari-fari ko ruwan ƙasa. Akwai ma Typhlonus nasus, wanda idanunsa suka nutse cikin fata, bakinsa kuma yake a ƙarƙashin kai, har da aka kamo shi a gabashin Ostareliya a 2017 jaridu suka yi ta kiransa kifi marar fuska. Idan kuwa aka ga gashin baki kewaye da hanci da haɓa, wataƙila Brotula barbata ne, ɗan dangin da ake kamawa a gaɓar Afirka ta Yamma, wanda ba ya zama a irin wancan zurfi.

Halinsa ma shaida ne. Yawanci yana shawagi a hankali dab da laka, yana neman tsutsotsin teku da ƙananan halittu dangin jatan lande, cikin ruwa mai sanyi da zafinsa bai wuce digiri 4 ba. Wanda ya sami damar feɗe shi ya lura da jakar iskar da ke cikinsa, domin a jinsuna da dama mazan suna da tsokoki a jikinta waɗanda suke kaɗa ta su fitar da sauti. Kask-il ƙwai yake saki, ba kamar makusantansa na dangin Bythitidae ba, waɗanda suke haifar 'ya'ya da rai.

Sai batun zurfi, inda ya kamata a yi hattara wajen rubutawa. A 1970 wani jirgin bincike na Amurka ya jawo ɗan ƙaramin kask-il, wanda bai kai tsawon tafin hannu biyu ba, daga kwazazzabon ƙasan teku da ke kusa da tsibirin Fuwato Riko, aka ce daga zurfin mita 8,370, inda nauyin ruwa ya ninka na iskar doron ƙasa fiye da sau 800. A 1977 masanin Denmak Jørgen Nielsen ya raɗa wa jinsin suna Abyssobrotula galatheae. Amma tarun da aka yi amfani da shi buɗe yake tun daga ƙasa har sama, don haka mai yiwuwa kifin ya shiga ne lokacin da ake jawo shi. Ƙari ga haka, binciken da masani Paul Yancey ya yi a 2014 a kan sinadarin TMAO, wanda ke kare furotin ɗin jikin kifi daga matsin ruwa, ya nuna iyakar zurfin da kifi zai iya rayuwa tana wajen mita 8,200. Saboda haka duk wanda zai ambaci adadin 8,370, ya haɗa da bayanin irin tarun da aka kama kifin da shi.