Kurakuran da iyaye ke yi wajen zaɓa wa yaro kwalejin fasaha

Da zarar sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa sai ka ji ana ta ambaton garuruwa: Kazaure, Haɗeja, Dutse, birnin Kano. Makarantun kuwa suna nan, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ta jihar Jigawa a Dutse, da ta jihar Kano. Matsalar ita ce yawancinmu sunan makaranta kawai muke tambaya, alhali kwas ɗin da yaro ya karanta shi ne zai ci abinci da shi.

Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, kwas-kwas take tantancewa. Makaranta ɗaya tana iya samun amincewa a fannin wutar lantarki, amma wani sabon kwas da ta buɗe bai samu ba tukuna. Saboda haka kada a tsaya a kan "makarantar gwamnati ce". A tambayi sunan kwas ɗin, a sa wanda ya iya ya duba shi a jerin hukumar ta intanet. A kuma tambaya ko suna da babbar difloma a fannin. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, sai shekara 1 ta koyon aiki, sannan wasu 2 na babbar. Wanda bai tambaya ba tun farko, sai yaro ya kai rabin hanya a fara sabon neman gurbi a wani gari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sha'anin masu "hanya". Mutum zai zo har zaure ya ce yana da wani a ciki, a kawo kuɗi kawai, babu ruwan yaro da JAMB. A sayar da akuya a ba shi. Wani lokaci ma yaron zai shiga aji ya yi karatunsa lafiya, sai ranar da aka zo batun hidimar ƙasa a tarar sunansa ba ya cikin rajistar JAMB. Gurbi na gaskiya yaro yana ganinsa da idonsa a shafinsa na JAMB, ya amince da shi, ya buga takardar. Kuɗin makaranta kuma ba a zuba shi a asusun wani mutum, komai zaƙin bakinsa. Ta hanyar da makarantar ta shelanta ake biya, a adana rasit.

Akwai ƙaramin abu da ke haifar da babban ciwon kai a shagon intanet. Mai shago ya sa lambar wayarsa a madadin ta yaro, ko sunan da ke kan NIN ya saɓa da na takardar WAEC, NECO ko NABTEB: nan Muhammad, can Mamman, ranar haihuwa ma daban. A zauna a jera takardun a kan tabarma a karanta su harafi-harafi kafin a cike komai. A tabbatar kuma yaro yana da kiredit ɗin da ake buƙata a darussan da kwas ɗin ke nema.

Sai lissafin kuɗi. Magidanci ya sayar da riɗi ko shinkafa da kaka ya biya rajista, ya ɗauka ya sauke nauyi. To ina kuɗin ɗaki, da abinci, da takalmin aiki da rigar aiki, da allon zane ga masu gini da injiniya, da kuɗin mota lokacin koyon aiki na wata 4 da ake kira SIWES, da aikin bincike na ƙarshe? Waɗannan sukan taso ne da bazara ko tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuma kuɗin taki. Gara a ware wasu buhuna tun kaka da sunan makaranta. Rancen karatu na NELFUND da ya fara a 2024 ya shafi ɗaliban makarantun gwamnati, sai dai a riƙa tuna cewa bashi ne da za a biya.

Duk wanda ya biya kuɗi bai taka ƙafarsa cikin makarantar ba, cinikin biri a sama ya yi. Idan ka je, kada fentin ƙofa da ofishin shugaba su ɗauke maka hankali. Ka nemi a kai ka ɗakin koyon aiki. Dubi injin walda: akwai ɓurɓushin ƙarfe a ƙasa da baƙin ƙuna a kan teburi, ko an lulluɓe shi da leda ƙura ta hau? Idan babu wuta, ana tayar da janareta domin ɗalibai, ko sai ranar da manyan baƙi za su zo? Ka ja ɗalibin shekara ta biyu gefe ka ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, da hannunka ka taɓa haɗa waya a allon nan?" Amsarsa ta fi duk abin da aka rubuta a takardar talla.

Wajen kwana ma a leƙa, musamman idan 'ya mace ce. Mutum nawa ne a ɗaki, akwai katanga da mai gadi, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ruwan famfo ne ko sai an saya wajen 'yan garuwa, ina asibiti mafi kusa. Masu cewa yaro ya riƙa zuwa daga gida a kan babur kuma su auna hanyar a watan Agusta, ba da rani ba, su kuma yarda cewa ranar da yake da aji ba zai je gona ba. Ziyarar kanta a yi ta tsakiyar mako ana cikin zangon karatu, da hantsi, lokacin da ya kamata a ce malamai suna aji, injuna kuma suna aiki.