Kurakuran da Masu Shan Shayi Don Rage Damuwa Suke Ta Maimaitawa

Na gaji da ganin mutum ya shigo majalisa fuska a murtuke, ya ce kansa ya ɗauki zafi a haɗa masa shayi mai ƙarfi, sannan bayan mako biyu ya dawo yana kukan cewa shayin bai tsinana masa komai ba, ko kuma ya ce ya gani a waya cewa shayi guba ne don haka ya daina. Shayi yana taimakawa wajen samun natsuwa, amma taimakonsa kaɗan ne, kuma yadda yawancinmu muke shan sa yana cinye wannan ɗan amfanin tun kafin ya isa jiki.

Kuskuren da ya fi ci mini kuɗi da lafiya shi ne shan shayi da dare da niyyar kwantar da hankali. A shekarar da bashi ya yi mini katutu a kasuwa, kullum bayan sallar isha'i sai na nufi wurin abokaina, a hura gawayi, a ɗora ƙaramar buta, a zuba ganyen ataya ya yi ta tafasa har ya yi duhu, mu sha na farko mai ɗaci, mu sha na biyu, mu jira na uku. A wurin hira kam hankalina yana kwanciya, amma da na koma gida sai idona ya bushe, in yi ta juyi ina lissafin bashi har ƙarfe uku na dare, in tashi asuba jiki a mace, gabana yana faɗuwa. Na kai wata uku a haka, na kashe kuɗi a gwaje-gwajen zuciya, kafin wani likita dattijo ya ajiye takardun ya tambaye ni: "Malam, ƙarfe nawa kake shan shayinka na ƙarshe?"

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ganyen shayi, baƙi ko kore, yana ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma jikin babban mutum yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da ya sha. Wanda ya sha da ƙarfe tara na dare, da ƙarfe biyu rabin kafeyin ɗin yana nan yana yawo a jininsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da an sha shi awa 6 kafin kwanciya, yana rage barci da fiye da awa ɗaya. Gaskiya ne kofi ɗaya na baƙin shayi bai wuce miligiram 40 zuwa 50 ba, amma atayar da aka cika wa ganye aka daɗe ana tafasawa ta fi haka ƙarfi, kuma da yawanmu muna haɗawa da goro, wanda shi ma kafeyin ne a cikinsa. Rashin barci kuwa shi ne takin damuwa. Ni dai tun daga lokacin, da zarar an yi la'asar na rufe gwangwanin ganyen shayi, da dare kuma sai in dafa citta da kanumfari da na'a-na'a zalla, domin babu kafeyin a cikinsu. Akwai masu shan shayi su kwanta su yi minshari, ban musa ba, amma wanda ya zo yana kukan damuwa da rashin barci ba ya cikinsu, kuma ya daina yaudarar kansa.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ba ni haushi, wato canza ɗabi'a duk lokacin da aka turo wani saƙo a WhatsApp da ya fara da "masana sun gano". Wane masana? A kan wa suka gwada, kuma nawa suka ba su? Binciken da aka fi ambatawa kan shayi da damuwa an yi shi ne a wata jami'a a Landan, aka wallafa shi a 2007. Maza 75 ne suka yi mako 6, wasu suna shan abin sha mai sinadaran baƙin shayi, wasu kuma makamancinsa mai kafeyin daidai wa daida amma babu sauran sinadaran. Da aka sa su aikin da ke tayar da hankali, bayan minti 50 sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ya sauka da kashi 47 cikin 100 a jikin masu shayin, ya sauka da kashi 27 a jikin sauran. Sakamako ne mai kyau, amma a lura: hankalin ɓangarorin biyu ya tashi daidai wa daida lokacin aikin, bambancin yana wajen saurin saukowa ne kawai, babu mace ko ɗaya a ciki, kuma kamfanin Unilever, mai Lipton a wancan lokaci, yana cikin waɗanda suka ba da kuɗin binciken. Wannan bai mai da shi ƙarya ba, sai dai ya kamata mai karatu ya sani.

Haka zancen tiyanin, sinadarin da aka fara ganowa a koren shayi a Japan a 1949, wanda ake cewa shi ke kawo natsuwa. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi sun ba mutane miligiram 200 ne a tashi ɗaya, alhali kofin shayi da ƙyar yake kaiwa 30. Wanda ya ce zai cimma wannan adadi da kofuna, kafeyin zai riga tiyanin yi masa aiki.

Saɓanin da ake gani tsakanin rahotanni sau da yawa ba saɓani ba ne, tambayoyin ne suka bambanta. A 2022 wani bincike kan mutane kusan 500,000 a Birtaniya ya nuna cewa masu shan kofi biyu ko fiye na baƙin shayi a rana haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya yi ƙasa da kashi 9 zuwa 13 cikin 100. Amma bin mutane aka yi ana kallo, ba a raba su an ce wannan ya sha wancan kada ya sha ba, saboda haka ba za a iya rantsuwa cewa shayin ne sanadi ba. A ɗaya ɓangaren, a 2016 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 yana iya jawo dajin maƙogwaro. Zafin ake zargi, ko shayi ne ko wani abu. Duka maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma abin da za a yi mai sauƙi ne: a bar kofin ya huce na 'yan mintuna, ko a ce wa mai shayi ya fifita shi sosai tsakanin kofuna biyu kamar yadda ya saba.

Sai maganar kora abinci da shayi, wadda mata suka fi cutuwa da ita. Sinadarin da ke sa shayi bauri yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake, gero da ganyayyaki, har ya rage shi da fiye da rabi. Mai juna biyu ko mai ƙarancin jini ta bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce mai ciki kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin a rana.

Sukari kuma abin kunya ne yadda muke zuba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babba kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, ya fi kyau ma 6, amma shayi mai kauri guda ɗaya da madara da Milo yana iya cinye rabin wannan. Ni ruwan bunu nake sha, da cokali ɗaya.

Ƙwayoyin koren shayi da ake tallatawa don rage ƙiba ba shayi ba ne, kuma an danganta masu ƙarfinsu da illa ga hanta. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa don an ce shayi ko zoɓo yana saukar da jini. Wanda damuwarsa ta haura mako biyu, ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, asibiti zai je ya yi wa likita bayani dalla-dalla, har da yawan kofunan da yake sha a rana da lokacin da yake shan na ƙarshe.