Idan kantar dutsen kicin ta tsage bayan an ɗora: matakai

Masu tambaya daga Kofar Ƙaura da Sabuwar Unguwa sun yi yawa, to ga amsa a wuri ɗaya.

1. Daina ɗora tukunya ko turmi a kai.
2. Ɗauki hoton tsagar da rana, ka ajiye biro kusa da ita don a ga girmanta.
3. Leƙa ƙasan kantar. Yawanci tsaga na farawa ne daga bakin ramin sinki, inda ba a sa madogara ba. Wannan laifin mai aiki ne, ba na uwargida ba.

Hattara: kada ka zuba gam da kanka. Da ka taɓa, ɗan kwangilar da ya ɗora kantar zai ce kai ka ɓata.

4. Tura wa ɗan kwangila hoton ta WhatsApp, ya zama shaida a rubuce.
5. Kira shi ya gani, gaban shaidu biyu.
6. Riƙe cikon kuɗinsa har ya gyara ko ya sauya.

Hattara: tabon lemon tsami ko tsamiya a kan mabul ba nasa ba ne, ruwan tsami ke cin dutsen. Kada ka haɗa shi cikin ƙorafi.

7. In ya fara "gobe in sha Allahu", kai maganar wajen shugaban maginansu ko mai unguwa.
8. In ta ƙi, sai kotu, da rasiti a hannu.