Yadda ake kare kwamfuta da kayan intanet daga bugun wutar lantarki

Idan rauta, wato na'urar rarraba intanet, ta mutu ko kwamfuta ta ƙi tashi, abin da aka saba faɗa shi ne wuta ce ta zo da ƙarfi, sai a ruga kasuwa a sayo sitabilaiza. Da hadari ya taso sai a sake wata asarar. Abin da ke jawo haka, cuta uku ce ake yi wa magani ɗaya.

Ta farko bugu ne: wutar da ya kamata ta tsaya a volt 230 ta yi tsalle zuwa dubbai, ta sauko tun kafin ƙiftawar ido. Tsawa ce ke kawo shi idan ta faɗi kusa da layi, ko dawowar wuta bayan an ɗauke, ko injin walda da injin niƙa na maƙwabta. Ta biyu hauhawa ce mai daɗewa, galibi idan wayar nitiral ta tsinke ko aka sace ta a tiransifoma, sai soket ya riƙa ba da abin da ya kusa volt 400. Ta uku ƙarancin wuta da yawan ɗaukewa. Kowacce da na'urarta, kuma akwai tsarin da ake bi wajen jera su.

Mataki na ɗaya: a gyara atin

Duk wata na'urar kare bugu aikinta ɗaya ne, ta karkatar da wutar da ta yi yawa zuwa ƙasa. Idan babu hanyar ƙasan, wato atin, ado kawai aka rataya. Gidaje da shaguna da yawa suna da soket mai rami uku, amma in ka kwance shi sai ka tarar ramin saman ba ko waya a jikinsa.

A gwada da mita. Tsakanin layif da nitiral za a ga kusan 230. Tsakanin layif da atin ya kamata a ga kusan haka. Tsakanin nitiral da atin kuwa 'yan volt kaɗan ne. Idan na biyun ya nuna sifili ko lamba mai yawo, babu atin. Wata alamar ita ce jikin kwamfuta ya riƙa jan mutum idan ya taɓa shi ba takalmi.

Gyaran shi ne a kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, kaurin milimita 16, tsawon mita 1.5 ko 2.4, a wuri mai danshi. A ɗaure mata waya mai lamba 16 (16mm²), kore da rawaya, da maɗaurin tagulla, ba a naɗe ta da hannu ba. Sai mai aikin wuta ya auna da na'urar awon atin, ana neman ƙasa da ohm 10. A yi awon a watan Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, don awon damina yaudara ne. In lambar ta ƙi sauka, a ƙara sanda ta biyu, tazararta da ta farko ta kai aƙalla tsawon sandar, a haɗe su. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna saukar da lamba, sai dai gishirin yana cin sandar, ruwa kuma yana wanke shi. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa.

Atin janareta, na inbata, na turken eriya da na gini duk a haɗe su wuri ɗaya. Idan aka bar su a rarrabe, lokacin tsawa kowanne zai ɗauki ƙarfin wuta daban, bambancin kuma ta cikin kayanka zai bi.

Mataki na biyu: na'urar kare bugu a akwatin rarraba wuta

Sunanta a kasuwa SPD, girmanta kamar bireka, a layin bireka kuma take zama. Ofis ko shago nau'i na 2 yake buƙata. A karanta jikinta: Uc 275V, In 20kA, Imax 40kA, Up kada ya wuce 1.5kV. Ginin da ke da sandar kama tsawa a sama sai an sa nau'i na 1 a mashigar wuta. Mai layi uku ya sayi mai ƙafa huɗu.

A nan yawancin masu haɗawa ke ɓata aiki: tsawon waya. Daga layif zuwa na'urar, da daga na'urar zuwa mahaɗar atin, jimilla kada ta wuce santimita 50. Saboda saurin bugu, kowace mita ɗaya ta waya tana iya ƙara kusan volt 1,000 a kan abin da zai isa ga kaya. Na'ura mai Up 1.5kV da aka ja mata waya mita biyu don akwati ya yi kyan gani, ta daina kare komai na kirki. Wayar ta tafi a miƙe, ba naɗi, ba lanƙwasa mai yawa. Ta atin kada ta gaza lamba 6, ta nau'i na 1 kuwa 16. A sa mata bireka irin wadda kamfanin ya rubuta a takardarta, a kuma sanya ta bayan makunnin canja layi don ta tsare wutar nefa da ta janareta gaba ɗaya. Mai sola ya ƙara wata ta DC a wayoyin da suka sauko daga rufi, wadda lambarta ta fi ƙarfin jerin farantansa. Aikin cikin akwati na ƙwararre ne, kuma sai an kashe wuta daga tushe.

Mataki na uku: mai yanke wuta idan ta hau

SPD ba ta maganin tsinkewar nitiral. Abin da ke cikinta an yi shi ne don bugun ɗan lokaci, idan volt 400 ta zauna a kansa na daƙiƙoƙi sai ya yi zafi ya ƙone. Don haka ake sa ƙaramar na'ura mai allon lamba, mai amfa 40 ko 63, wadda ke yanke wuta da kanta. A saita sama a 255, ƙasa a 175, jinkirin dawowa daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Jinkirin nan yana da amfani ƙwarai, domin lokacin da yara ke ihun an kawo wuta shi ne lokacin da ta fi rashin natsuwa.

Sitabilaiza kuwa aikinta daidaita ƙarfin wuta, musamman ɗaga mara ƙarfi. Kafin ta motsa, bugu ya riga ya wuce ta. A saye ta in unguwar na fama da ƙarancin wuta, amma kada a ɗora mata abin da ba nata ba.

Mataki na huɗu: UPS da ekistenshan

UPS na'ura ce mai batiri da ke riƙe kaya na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta. Don sanin girman da za a saya, a tara wat na kayan. Kwamfutocin tebur biyu da allonsu kusan wat 400, rauta da suwic da makamantansu a ce 50. A ƙara rubu'i a kai, ya zama wajen 560. UPS mai 1000VA yawanci wat 600 take ɗauka, to ita ce daidai. Mai 650VA da aka fi saya ba ta kai wat 400 ba. Kada a jona mata firinta mai lesa, domin idan tana ɗumama kanta ita kaɗai za ta cika ta. Batirin ciki, mai volt 12 da 7Ah, zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. A ɗakin da ba iska, shekara biyu ma sai an yi sa'a.

Idan tsakanin akwatin wuta da tebur ya wuce mita 10, a ƙara ekistenshan mai kariya a bango, mai jul 1,000 zuwa sama, mai fitilar da ke nuna kariyar na raye. Wanda ba a rubuta jul a jikinsa ba, rarraba wuta kawai yake yi. Kada a jona ekistenshan a kan ekistenshan.

Mataki na biyar: wayoyin intanet

An tsare ƙofar gaba, ɓarawo kuma ya hauro ta katanga. Rautar da tsawa ta kashe, sau da yawa in ka duba cajarta lafiya lau take, ramin da wayar waje ta shiga ne ya yi baƙi, wani lokacin har da katin intanet na kwamfutar da ke ɗaya bakin. Ramin an yi shi ya jure kusan volt 1,500 ne kawai. Wayar da aka ja ta sama daga gini zuwa gini, ko ta sauko daga eriya a kan turke, ko daga kyamarar tsaro a katanga, ba sai tsawa ta faɗa mata ba, faɗuwarta a unguwa ya isa ta cusa mata wuta.

Tsakanin gini biyu mafita mafi inganci ita ce faiba: zaren gilashi ne, wuta ba ta bin sa. Ana buƙatar na'urar sauya sigina ɗaya a kowane baki. In dole sai wayar jan ƙarfe, a yi amfani da ta waje mai rufin kariya, a binne ta cikin bututu, kada ta wuce mita 100, a sa na'urar kare bugu ta intanet a duk bakin biyu, ɗaya a gindin turke, ɗaya a inda ta shiga ɗaki. Idan eriyar ta wayar take samun wuta, a tabbata an rubuta PoE a jikin na'urar. 'Yar wayar atin da ke gefenta, wadda ake yawan bari tana lilo, a ɗaure ta ga atin ginin, gajeriya. Haka wayar dish.

Mataki na shida: janareta da hadari

A tada janareta ya zauna minti ɗaya kafin a ɗora masa kaya, a sauke kayan kafin a kashe shi. Kada a bari mai ya ƙare yana aiki, don shaƙewar da yake yi kafin ya mutu wuta ce ke hawa da sauka.

Idan hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare fulogi daga bango, a zare wayar da ta shigo daga waje. Kashe makunnin soket bai wadatar ba, tazarar cikinsa 'yan milimita ce, bugu mai ƙarfi yana tsallake ta. A yi zarewar tun hadarin na nesa, ba lokacin da yake kai ba.

Bayan kowane babban hadari a leƙa 'yar tagar da ke jikin SPD. Kore, tana aiki. Ja, ta karɓi bugu ta mutu, kuma wuta za ta ci gaba da zuwa kamar ba abin da ya faru, sai an duba ake sani. A zare ƙullin da ke jikinta, wanda tagarsa ta yi ja, a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kafin ruwan farko na kowace shekara a tone bakin sandar atin, a kankare tsatsa, a ƙara matse maɗaurin.