Yadda matafiyi zai kiyaye ruwan jikinsa a doguwar tafiya lokacin bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, amma hakan bai hana 'yan kasuwa da ɗalibai da masu ziyara cika motoci zuwa Legas ko Fatakwal ba. Babban abin da ke jefa matafiyi cikin matsala shi ne ƙin shan ruwa da gangan, don gudun kada fitsari ya matse shi alhali direba bai tsaya ba. Mata sun fi shiga wannan hali, domin samun wurin kewayawa a hanya ya fi yi musu wuya. Dalilin nasu na gaskiya ne, sai dai wuni guda cikin mota mai zafi ba tare da ruwa ba yana wahalar da ƙoda, ya kuma kawo ciwon kai da jiri.

Shirin yana farawa ne tun daren jajibirin tafiya. A sha ruwa sosai da yamma, a ƙara da asuba, sannan a kewaya kafin mota ta tashi daga tasha. Idan an kama hanya, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a kai a kai maimakon a shanye gora guda a lokaci ɗaya, domin ruwan da aka kwankwaɗa da yawa shi ne yake saurin komawa fitsari. Yana da kyau a tambayi direba tun farko inda zai tsaya don salla da cin abinci, ko Kaduna ce ko Lakwaja, sai a ɗan ƙara yawan sha idan an kusa isa. Launin fitsari shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi: idan ya yi haske, jiki na da ruwa, idan kuwa ya yi duhu kuma ya yi kaɗan, to an yi baya.

Zafin Arewa da na Kudu ba iri ɗaya ba ne. A Arewa iska busasshiya ce, gumi na bushewa nan take, mutum na asarar ruwa bai ankara ba. Da an gangara Kudu kuwa, iska na cike da laima, gumi na zuba amma ba ya bushewa, saboda haka jiki ba ya yin sanyi, sai ya yi ta ƙara zubar da wani gumin. Gumi yana fita da gishiri, shi ya sa ya kamata a saka ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a ruwa a sha, guda biyu ko uku a jaka. Idan babu shi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsafta, kuma kada a ajiye haɗin fiye da awa 24.

Tsaftar ruwan tana da muhimmanci kamar yawansa, domin gudawa a hanya tana zuƙe ruwan jiki fiye da rana. A sayi ruwan gora ko na leda mai lambar NAFDAC wanda ba a buɗe ba, a kuma guji ƙanƙara da zoɓo ko kunun da ba a san ruwan da aka haɗa su da shi ba. Kankana da lemon zaƙi suna taimakawa, musamman idan mutum ya ɓare ko ya yanka da kansa. Lemon kwalba mai yawan sukari ba ya maye gurbin ruwa.

Yara da tsofaffi ba sa saurin faɗin ƙishirwa, don haka a riƙa miƙa musu ruwa ba sai sun nema ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, sai a yawaita shayar da shi, ita uwar kuma ta ƙara sha. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya ya tambayi likitansa adadin da ya dace da shi kafin ya tashi. Idan tafiyar ta faɗo cikin azumi, shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen ajiyewa ya rama daga baya.

Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya fara sambatu ko ya suma, a tsayar da mota, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Kada a ɗura masa ruwa a baki matuƙar bai dawo cikin hayyacinsa ba.