Kurakuran da muke yi da takardu a binciken Zango

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata mukan haɗu a Nima, wata unguwa a Ankara babban birnin Gana, mu 'yan Zango masu karatun digiri na biyu da na uku, kowa ya kawo abin da ya rubuta a duba masa. Yawancinmu da hira da tsofaffin takardu muke aiki, kuma a wajen takardun ne na ga an fi yin tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne a ɗauki takarda kamar ba mutum ya rubuta ta ba. Wata ƙanwarmu ta samo rahoton wani Bature a PRAAD, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Ankara, yana maganar Hausawa, sai ta kwafe shi a matsayin tarihin kakanninta. Na ce mata, "Ƙanwata, wa Baturen nan yake kira Bahaushe?" A zamanin mulkin mallaka, cikin sojojin da ake kira Hausawa akwai Mosi da Gurunshi da Zabarmawa da Yarbawa, domin Hausa ce harshen bariki. Kafin ka ɗauki jimla ɗaya, sai ka san wa ya rubuta, wa ya aika wa, me yake nema, kuma wa ya yi masa tafinta. Sau da yawa muryar tafinta kake ji, ba ta Sarkin Zango ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gudun ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami masu yawa. A ciki akwai na Alhaji Umaru Karaki, haifaffen Kano, wanda ya ga yaƙin Salaga na 1892, ya rasu a Kete Karaki a 1934. Amma sai ka ga ɗalibi Bahaushe ya tsaya kan fassarar Turanci. Idan ajaminka bai nuna ba, ɗauki kwafin ka je gaban malamin zaure, ya karanta kana bi da yatsa. A nan kuma a kula da shekara: 1310 ta Hijira ta faro a 1892 ta shiga 1893, kuma kwanan watan da ke ƙarshen littafi yakan zama na mai kwafi, ba na mawallafi ba.

Muna kuma raina takardun gida. A Sabon Zango wata tsohuwa ta jawo mini adaka daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙyalle, sai ga wasiƙun cinikin goro da takardar izinin zama ta mijinta, ta lokacin korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969. Na ce, "Hajiya, kin yarda in ɗauki hoto?" Ta yarda da wasiƙun, ta hana takardar izinin, na mayar mata. Irin wannan amana ce: a nemi izini takarda bayan takarda, a sakaya sunaye.

Ni ma na taɓa ɗaukar hotunan shafuka da waya ban ɗauki bangon fayil ba. Da malamina ya nemi lambar fayil ɗin da ke jikin bangon, sai da na koma na yi kwana uku ina lalube. Yanzu bangon nake fara ɗauka, in rubuta lamba da ranar a littafina kafin in buɗe shafin farko.